Buhun Da Ya Yi Shekara Ashirin A Hanya: Tarihin Yaƙi Da Ƙwaron Wake



Kusan dukkanmu mun taɓa zama gaban faifai ana tsintar wake. A ware tsakuwa gefe, a ware mai huji gefe, wasu 'yan ƙwari masu ruwan ƙasa na ta gudu a kan faifan, iyayenmu mata na mita cewa yau ma mai awo ya haɗa mu da tsohon wake. In an zuba ruwa, wanda aka cinye cikinsa ya taso sama, a kwashe a zubar wa kaji. Ba mu taɓa ɗaukar wannan a matsayin abin da ke da tarihi ba, balle a ce masana sun ƙarar da ƙuruciyarsu a kansa.

A 2011 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton da ya girgiza mutane: kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa don ɗan'adam ba ya kai wa ciki. Ta ƙiyasta shi da tan biliyan 1.3 a shekara. A Turai da Amurka yawancin asarar a kanti da kan teburi take, mutum ɗaya na zubar da kilo 95 zuwa 115 a shekara. A wajenmu kuwa, in ji rahoton, ɓarnar ta fi yawa tsakanin gona da kasuwa, wato a masussuka da rumbu da bayan mota. Ƙididdigar da ta biyo baya ta nuna gidajenmu ma ba su tsira ba, kuma duk wanda ya taɓa leƙa bayan gidan biki washegari ba zai yi musu ba. A shekarar dai ta 2011 Bankin Duniya ya ce hatsin da ke lalacewa bayan girbi a Afirka kudu da Sahara ya kai darajar dala biliyan 4 duk shekara.

Lissafi irin wannan ba ya zama a ka, domin babu idon da ya taɓa ganin tan biliyan ɗaya. Shi ya sa muka zaɓi mu bi labarin ta kan abin da muka sani, wato buhun wake.

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na biye da ita, sai Burkina Faso. Ƙosai da alala da ɗanwake da garau-garau duk a kansa suka dogara, harawarsa kuma ita ke riƙe dabbobi da rani. Babban abokin gabarsa bai kai ƙwayar shinkafa tsawo ba. Masana na kiransa Callosobruchus maculatus, mu kuwa ƙwaron wake muka san shi. Tun wake na gona, lokacin da kwanso ya fara bushewa, macen ke zuwa ta manna ƙwanta. Manomi ya yi roro, ya casa, ya ɗura a buhu yana ganin komai lafiya lau, ashe da hannunsa ya shigo da ɓarawo ɗaki. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'yar tsutsa ta huda ta shige cikin ƙwayar waken, ta zauna tana ci daga ciki ba mai ganinta. Bayan mako uku zuwa huɗu, in ana zafi, ta zama ƙwaro, ya fasa 'yar ƙofa ya fito. Hujin nan da muke gani ƙofar fita ce, kafin ido ya gan shi an riga an gama ɓarna. Da ya fito ba ya bukatar ci ko sha. Kwanakin da suka rage masa, mako ɗaya ko biyu, na barbara ne da saka ƙwai, kuma mace ɗaya na iya saka kusan 100.

Mu yi lissafin 'yan firamare. A ce kowace mace 'ya'ya mata 20 kawai suka rayu mata. Wata na farko 20, na biyu 400, na uku 8,000, na huɗu 160,000. Daga uwa ɗaya ke nan. Wannan ne ya sa buhun da aka ɗinke da kaka yana sheƙi, kafin watan Maris ya koma gari da wari.

Manomi ya san wannan lissafi ko bai taɓa shiga aji ba. Saboda haka da ya gama roro sai ya kai kasuwa, a daidai lokacin da kowa ya kai nasa, farashi na ƙasa warwas. Watanni kaɗan bayan nan, shi ɗin dai zai dawo ya auni kwano da tsada don ya ci ko ya shuka. Asarar da ƙwaron ke jawowa ke nan iri biyu: wadda yake ci da bakinsa, da wadda tsoronsa ke sa manomi ya yi da kansa. Ta biyun ba ta fitowa a ma'auni, amma a ganinmu ta fi ta farko ciwo.

Abin mamakin shi ne maganin wannan matsala tsoho ne ƙwarai. Mun san shawarar da Annabi Yusuf (AS) ya bai wa mutanen Masar, cewa abin da suka girbe su bar shi a zangarniyarsa. Haka kakanninmu suka yi da gero da dawa, ana ɗaure su dami-dami a jera a rumbu, su shekara biyu ko uku. Wake ne ya ƙi wannan dabara, sai aka koma cuɗa shi da toka ko yashi ko barkono a cikin tulu, a liƙe bakin da laka. A can Rum kuwa, shekara 37 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani dattijo mai suna Varro ya rubuta littafi kan noma, inda ya ba da labarin ramukan ajiyar hatsi a yankin da yake Turkiyya a yau da kuma Sifaniya. Ana shimfiɗa ƙaiƙayi a ƙasan ramin, a zuba hatsi, a toshe. Ya bayyana cewa inda iska ba ta shiga ƙwaro ba ya haihuwa, har ya ce alkama na iya yin shekara 50 a haka. Irin waɗannan ramuka su ne ake kira maɗmura a Sudan da Maroko, kuma manoman Borno ma sun daɗe suna binne dawa da gero a rami.

Kimiyyar zamani ta zo ta tarar da wannan sani ne. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya alkama ta taru tsibi-tsibi a Ostireliya saboda babu jiragen ruwan da za su kwashe ta zuwa Ingila, ɓeraye da ƙwari suka far mata. Turawan Ingila suka kafa kwamitin masana, kuma a 1920 wani masanin halittu, Arthur Dendy, shi da abokin aikinsa suka tabbatar da gwaji cewa ƙwarin hatsi na mutuwa in aka rufe su a mazubin da iska ba ta ratsawa. Da Yaƙi na Biyu ya zo, irin wannan matsala ta sami Ajantina, sai ta gina manyan ramukan siminti da ke ɗaukar sama da tan miliyan 2 na hatsi. A nan gida ma, masana a Samaru ta Zariya, inda aka fara binciken noma tun 1922, sun gwada ajiye wake a mazubin da ba ya shan iska tun farkon shekarun 1970.

To, in an san maganin tun tuni, me ya sa har muka girma muna tsince mai huji?

Amsa ta farko ita ce hankalin duniya na wani wuri. Bayan Yaƙi na Biyu tsoron da ya cika zukatan shugabanni shi ne jama'a za su fi ƙarfin abin da ƙasa ke fitarwa. Saboda haka kuɗi da ƙwararru suka karkata ga ƙara yabanya. A 1944 Norman Borlaug ya tafi Meziko da tallafin gidauniyar Rockefeller, ya yi shekaru yana haɗa irin alkama har ya samu gajera mai ɗaukar taki ba ta kwanta ba. A 1960 aka buɗe cibiyar binciken shinkafa a Filifin, ta fitar da irin IR8 a 1966. A shekarar ce kuma Indiya ta sayo tan 18,000 na irin alkamar Meziko, cikin 'yan shekaru girbinta ya yi tashin da ba a taɓa gani ba. Borlaug ya karɓi lambar Nobel ta zaman lafiya a 1970. Ba mu raina wannan aiki ba, miliyoyin mutane sun rayu ta dalilinsa. Sai dai ya koya wa duniya kallon yunwa ta ido ɗaya. Sabon iri yana da suna, ana ɗaukar hotonsa, minista na iya tsayawa a gona ya ƙaddamar da shi. Hatsin da bai lalace ba kuwa ba shi da hoto. Wani masani a jami'ar Kalifoniya, Adel Kader, ya ƙiyasta cewa abin da ake kashewa kan matsalolin bayan girbi bai kai kashi 5 cikin 100 na kuɗin binciken noma ba.

Sai da wuya ta yi wuya aka waiwayo. Daga 1972 zuwa 1974 farashin hatsi ya yi tashin gwauron zabi a duniya, fari ya cinye yankin Sahel har da arewacin Najeriya da Nijar, yunwa ta kashe dubban mutane a Habasha da Bangaladash. A Nuwamban 1974 aka yi babban taron abinci na duniya a birnin Rum, inda sakataren harkokin wajen Amurka Henry Kissinger ya yi alkawarin cewa cikin shekara goma babu yaron da zai kwana da yunwa. A 1975 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙudurin rage asarar bayan girbi da rabi kafin 1985. Mu riƙe wannan shekara. Da 1985 ta zo, Habasha da Sudan da Sahel na cikin wata yunwar da ta fi ta baya muni, farashin hatsi a kasuwar duniya kuma ya faɗi, masu ba da tallafi suka juya ga wasu abubuwa. A 2015 Majalisar ta sake sa hannu kan alkawari mai kama da wancan, na rage zubar da abinci da rabi kafin 2030.

Amsa ta biyu ita ce maganin da aka sani bai dace da aljihun mai shi ba. Ramin siminti na gwamnati ne. Matar da ta samu buhu ɗaya da rabi a gayaunarta ba za ta gina shi ba. Cibiyar IITA da aka kafa a Ibadan a 1967 ta bi ta hanyar iri, ta tantance nau'in wake sama da 8,000 tana neman wanda ƙwaron ba ya so. Uku kacal aka samu masu ɗan juriya, su ma jinkirta ɓarnar suke yi, ba su hana ta.

A nan labarin ya koma Marwa, a arewacin Kamaru, garin da 'yan kasuwarmu suka sani sarai. A 1987 wani masanin ƙwari daga jami'ar Purdue ta jihar Indiyana a Amurka, Larry Murdock, ya fara aikin haɗin gwiwa da cibiyar binciken noma ta Kamaru da ke can, ƙarƙashin wani shirin binciken wake da gwamnatin Amurka ke ɗaukar nauyi. Cikin waɗanda suka yi aikin a ƙasa akwai Laurie Kitch da masanin ƙwari ɗan Kamaru Georges Ntoukam. Abin da ya burge mu a aikinsu shi ne sun fara da zagaya ƙauyuka suna duba yadda mutane ke ajiya, suka ɗauki dabarun da suka tarar suka kai ɗakin gwaji don a ga wacce ke aiki, kuma me ya sa wani lokaci take ƙi.

Toka, alal misali, sun gano tana aiki sosai in an tankaɗe ta, aka zuba daidai yawan waken, kwano da kwano, aka cuɗa, sannan aka rufe saman da wata tokar. Inda ake samun matsala shi ne a yayyafa 'yar kaɗan. Amma wa zai tara tokar da za ta cika buhu goma? Sai suka gwada rana. Gwaji ya nuna zafin da ya kai digiri 57 na tsawon awa ɗaya na kashe ƙwaron da ƙwansa da tsutsarsa. Suka shimfiɗa busasshiyar ciyawa, suka ɗora baƙar leda, suka baza wake, suka lulluɓe da farar leda mai nuna ciki, aka bar shi awa biyu da tsakar rana. Ya yi aiki. Dabara ta uku ita ce ta fi sauƙi: a zuba wake a leda a ɗaure, a saka ta cikin wata ledar a ɗaure, a sake sakawa cikin ta uku. Ramin Varro ke nan ya koma abin da za a naɗe a saka a aljihu. Kafin 1991 sun rubuta bayaninta sun fara koya wa manoma.

Daga nan kuma sai shiru, kusan shekara ashirin. Dabarar ta ɗan bazu ta hannun ƙungiyoyin agaji, amma manomin da ya ji labari ya je kasuwa neman leda mai kauri ba ya samu. Wadda ke akwai siririya ce, tsinke kaɗan ya huda ta, in ta huje kuma aikin banza aka yi. Masana sun gama nasu, sun wallafa, an yaba musu, amma babu masana'antar da ke yin buhun, babu dillalin da ke kawo shi, babu mai shagon da ya san da shi.

Abin da ya cike wannan giɓi shi ne guba. Ana gudun gara aka faɗa gidan zago. Fiya-fiya da danginta, waɗanda aka yi don feshi a gona ko kashe sauro, suka koma abin da ake yayyafa wa waken da mutum zai ci. Ga kuma ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhu tana fitar da iska mai guba, wadda ƙa'idarta sai ƙwararre, a ma'ajin da ba kowa, amma ake ajiye ta a ɗakin da yara ke kwana. A 2008 ɗalibai mata sama da 100 a wata makarantar sakandare a jihar Gombe sun kwanta asibiti bayan cin wake, kuma a shekarar hukumar NAFDAC ta haramta magungunan ƙwari guda 30. A Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda sinadarin dichlorvos, wanda shi ne ke cikin fiya-fiya. Iyakar da dokarsu ta yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo, amma an samu wanda ya kai 4.6, wato ninki 460. A 2016 suka ƙara wa haramcin shekara uku. Turawa sun iya mayar da nasu a tashar jirgin ruwa. Wanda ya rage a kasuwanninmu mu muka cinye shi.

A 2007 ne gidauniyar Bill da Melinda Gates ta bai wa jami'ar Purdue dala miliyan 11.4 don aikin shekara biyar a ƙasashe goma na yammaci da tsakiyar Afirka, ciki har da Najeriya, Nijar, Kamaru, Chadi da Gana. Sunan buhun, PICS, daga sunan wannan shiri ya samo asali. Abin lura shi ne kuɗin ba na gano sabon abu ba ne, na kai tsohon abu hannun mutane ne, shi ya sa wanda ya jagoranci shirin masanin tattalin arzikin noma ne, Jess Lowenberg-DeBoer. Aka tsayar da siffa ɗaya: leda biyu a ciki, kowacce kaurinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba amma ta fi ta kasuwa nesa ba kusa ba, sai saƙaƙƙen buhu a waje don ya ɗauki wahalar ɗauka da saukewa. Akwai mai cin kilo 50 da mai cin 100, kuɗinsa dala 2 zuwa 3 a lokacin, kuma in an kula da shi yana yin kaka uku. Wani kamfani a Kano, Lela Agro, na cikin waɗanda suka fara ƙera shi. A Nijar cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, ce ta riƙe ɓangaren gwaji, musamman Ibrahim Baoua a Maraɗi, a Najeriya kuma IITA da malaman gona na jihohi.

Yadda suka shawo kan manoma ya cancanci marubuci ya tsaya a kansa, domin wasan kwaikwayo ne sosai, da ɗaurin labari da warwara. Malamin gona zai zo ƙauye da kaka, ya tara jama'a, ya nuna yadda ake yi: a tabbatar wake ya bushe, a duba leda ko ta huje, a zuba, a matse iskar da ke sama, a murɗe bakin a lanƙwasa a ɗaure, kowace leda da ɗaurinta daban. Sai a nemi mutum kamar biyar su ba da nasu waken, ba na gwamnati ba, a ɗaure a gaban kowa, su kai gida. Ba maganin ƙwari ko ɗigo. Ku ƙiyasta irin surutun da zai biyo baya a majalisa da bakin rijiya, da irin kwanan zullumin da matar da ta saka duk abin da ta noma za ta yi. Bayan wata huɗu zuwa shida a sake tara gari, a kwance buhun a bainar jama'a. Waken ya fito yadda aka zuba shi, 'yan ƙwarin da suka shiga da shi sun mutu. An yi wannan buɗe buhu a ƙauyuka sama da 30,000. Aka haɗa da sanarwa a rediyo da Hausa da sauran harsuna, har da ɗan gajeren bidiyo da aka ɗauka a Nijar wanda mutane suka riƙa tura wa juna ta Bluetooth, kamar dai yadda muka riƙa tura waƙoƙi a wancan zamani.

Wani abin dariya shi ne, buhun ya yi shekaru yana aiki kafin masu shi su gama fahimtar yadda yake kisa. Kowa ya ɗauka shaƙewa ce kawai. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne. In an ɗaure buhu, ƙwarin da ke ciki su da kansu ke shanye wannan oksijin, cikin kwanaki ya yi ƙasa sosai, sai su daina ci, su daina girma, su daina haihuwa. Amma a 2012 Murdock da abokan aikinsa suka wallafa binciken da ya nuna ƙishirwa ce ke ƙarasa su. Tsutsar da ke cikin busasshen wake ba ta da inda za ta sha ruwa, jikinta ne ke samar da shi yayin da yake ƙona abincin da ta ci, kuma wannan ƙonawa ba ta yiwuwa sai da oksijin. Da iska ta yanke, ruwa ya yanke, sai ta bushe a cikin ɗakin da ta haƙa wa kanta. Wannan ne kuma dalilin da ya sa ake hana buɗe buhun ana ɗiba kullum, domin duk buɗewa sabon numfashi ne ga wanda bai ƙarasa mutuwa ba.

Binciken da aka yi a ƙasashen goma tsakanin 2010 da 2012, wanda ya tambayi manoma sama da 3,000, ya samu kusan rabinsu na ajiye wake a mazubin da iska ba ta shiga, ko buhun ko jarka ko duro. Babban abin da ya hana sauran shi ne rashin mai sayarwa a kusa, wato tsohuwar matsalar Marwa ba ta gama mutuwa ba. Daga baya aka gwada buhun a kan masara da dawa da gujiya da sauransu, ya bazu zuwa gabashin Afirka da Asiya, wasu kamfanoni ma suka fito da nasu. A Tanzaniya masana daga Zurich ta Suwizalan sun raba irin wannan buhu ga wasu gidaje suka bar wasu don kwatantawa, sakamakon da suka wallafa a 2021 ya nuna yawan gidajen da ke shiga matsananciyar yunwa kafin sabon girbi ya ragu da kashi 38 cikin 100. Ba a ƙara ko taki ɗaya na gona ba.

Kada mu yi wa leda kirarin da ya fi ƙarfinta. Ɓera na huda ta, shi ya sa ake ɗora buhun a kan katako nesa da bango. In an zuba hatsi da danshi zai yi hunhuna. Ba ta da amfani ga tumatir da albasar da ke ruɓewa a hanyar Legas, wannan wani tarihin ne daban. Sabon irin waken nan da Samaru ta fitar a Disambar 2019, SAMPEA 20-T, tsutsar da ke cin fure da kwanso a gona yake jure wa, in ya shiga ɗaki shi ma abincin ƙwaro ne kamar kowane wake.

Akwai kuma tambayar da ta fi ba mu sha'awa a matsayinmu na masu neman labari: wa ke cin ribar jira? A littattafanmu mun saba jera kuloli a teburin Alhaji, ba mu cika tambayar ta ina abincin ya biyo ba. Ga shi kuwa Hausa ta ba mu kalmomi biyu, adanawa da ɓoyewa, aiki ɗaya ne a ido amma ɗaya yabo ce ɗaya zagi. Buhun da ke ceton gwauruwa mai tiya arba'in shi ne ke bai wa mai sito damar riƙe buhu dubu har farashi ya ninka. A Fabrairun 2024, lokacin da tsadar abinci ta kai intaha, hukumomi a Kano sun rufe wasu ɗakunan ajiya a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye abinci, 'yan kasuwa kuma suka ce ajiya ce irin wadda kasuwa ba ta tafiya sai da ita. Duk wanda ya iya rubuta wannan rigima ba tare da ya mai da ɓangare ɗaya shaiɗan ba, ya samu littafi.

Ƙaramin manomi kuwa, ko an ba shi buhun kyauta, ba ƙwaro kaɗai ke kora shi kasuwa da kaka ba. Akwai bashin taki, da kuɗin makaranta, da auren da aka ɗaga sai bayan girbi. A Nijar an gwada wata hanya tun 1999 da taimakon Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta jinginar da amfanin gona. Ƙungiyar manoma na tara buhunanta a ɗaki ɗaya, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun ba da rance. A ba kowa bashin wani kaso na darajar kayansa a farashin kaka, ya yi kiwo ko noman rani ko 'yar sana'a da shi. Maganar kuɗin ruwan da ke kan bashin ta sa wasu sun ƙi shiga, kuma wannan babi ne da ke bukatar malamai da masana kuɗi su zauna a kansa. Waɗanda suka shiga, in watanni biyar ko shida sun cika suka biya, sai a kawo mabuɗan biyu a buɗe ɗakin, kowa ya ɗauki buhunsa a lokacin da kwanon wake ya fi tsada a shekara.